Yajina ya fi na kasuwa daɗi amma yana kwantai a shago: in canza masa suna da sitika?

Wata baiwar Allah ce ta aiko da tambaya daga Kano. Tana daka yajin ƙuli da na tafarnuwa a gida, duk wanda ya ɗanɗana sai ya yaba, amma da ta fara kai wa masu shago sai ya riƙa yin kwantai har ya dunƙule a roba. Ƙawarta ta ba ta shawara ta sa masa sunan Turanci, ta buga sitika mai ƙyalli irin ta kayan waje. Jarinta ba shi da yawa, shi ne take tambaya ko nan ya kamata ta zuba kuɗin.

Hajiya, Allah ya sa albarka a sana'a. Kada ki fara da nan. Na daɗe ina aikin tsara mazubi da sitika ga masu ƙananan sana'o'i, kuma a cikin masu zuwa da irin wannan kukan, da wuya in tarar da wanda sunan kayansa ne ya hana shi ciniki. Yawanci matsalar tana wajen girman ƙullin, ko farashinsa, ko mazubin, ko kuma mai saye ba shi da abin da zai kama ya gane kayan idan ya dawo nema. Duk waɗannan sun fi sitika mai ƙyalli arha wajen gyara.

Masu yaba yajinki sun ci shi ne a gidanki ko a gidan wanda ya san ki. Sun ga tsaftarki, sun san hannunki, an zuba musu a kan dafa-duka ko awara tun kafin a yi maganar kuɗi. Wanda ya tsaya a bakin shago ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Bai san ki ba, ba zai buɗe ya shinshina ba, kuma kuɗin da ke hannunsa an riga an ƙidaya su tun daga gida. Daɗin yajin ba ya aiki a kansa sai bayan ya saya. Saboda haka aikinki na farko shi ne ki sauƙaƙa masa wannan sayen na farko, ta yadda ko bai ji daɗi ba ba zai ji ya yi asara ba.

Nan ne maganar girma take shigowa, kuma ita ce na fi so ki tsaya a kai. Madarar Peak tana kasuwar Najeriya tun 1954, kowa ya san ta, kowa ya yarda da ita. A 1993 kamfanin da yanzu ake kira Promasidor ya shigo da Cowbell. Ba da ɗanɗano suka samu wuri ba. Sun lura cewa yawancin mutane ba su da kuɗin babban gwangwanin madarar gari a lokaci guda, amma suna da na shayin safe ɗaya. Sai suka zuba madarar a ƙananan ledoji, wadda mai shayi zai yaga ya juye a kofi, uwa ta aiki yaro ya sayo guda biyu. Daga baya manyan da suka riga su a kasuwa su ma suka bi sahu, kuma yau ki duba kowane shago: omo, tumatir, man gyaɗa, man wanke baki, Milo, duk a jere suke a rataye. Talaka ba ya sayen kayan wata guda, na yau yake saye.

To ki tambayi kanki, robar da kika kai shago nawa take? Idan ta kai kuɗin cefanen rana, kin nemi baƙo ya yi kasada da abincin gidansa a kan abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Ki yi ƙaramin ƙulli a leda, wanda zai isa cin mutum biyu ko uku, ki liƙe bakinsa da ƙaramin injin liƙe leda, ba ɗaurin hannu ba. Injin ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin buga sitika dubu. Kuma ki bar ledojin a haɗe da juna, dozin-dozin, da huda a sama, domin mai shago ya rataye su a ƙusa ko igiya a bakin ƙofa. Wurin da ke kan kantarsa ya riga ya cika da kayan da ke gudu, ba zai ture sukari da taliya saboda ke ba. Amma sama, inda ake rataye kaya, kullum akwai gurbin ƙusa ɗaya.

Farashin kuma ki fara yanke shi kafin ki auna yajin, ba akasin haka ba. Mutane da yawa sukan cika roba, su lissafa abin da suka kashe, su ɗora riba, sai farashi ya faɗo a wani wuri da babu takardar kuɗin da ta dace da shi, misali naira 170 ko 330. Mai shago ya tsani irin wannan, domin kowane ciniki sai an yi neman canji. Ki zaɓi kuɗin da ake miƙawa da takarda ɗaya, 100 ko 200 ko 500, ki cire ribar mai shago, ki cire kuɗin leda da sitika da na mota, ki cire ribarki, abin da ya rage shi zai gaya miki giram nawa za ki zuba. Kuma ribar mai shagon kada ki matse ta. Shi ne bakinki a inda ba kya nan. Idan aka ce masa "akwai yaji?" kayan da ya fi samu a kai shi hannunsa zai fara kaiwa, wannan ba mugunta ba ce, kasuwa ce.

Babbar roba tana da nata masu saye, amma ba su ne na bakin shagon unguwa ba. Akwai ɗaliban makarantar kwana, akwai matafiya da maniyyata aikin hajji, akwai masu haɗa kayan gara da masu kai wa mai jego. Waɗannan suna sayen da yawa, kuma na kyauta a cikinsu suna duba kyan mazubi sosai, domin mutuncinsu ne a ciki. Akwai kuma masu tsire da masu awara da masu dankali da ƙwai, waɗanda ba ruwansu da sitika, mudu suke so a farashin sari kuma ɗanɗanon kada ya sauya. Yaji ɗaya ne, amma ba mazubi ɗaya zai yi musu ba.

Sai dunƙulewar da kika ambata, wadda ita kaɗai ta isa ta kashe ciniki. Yaji yana jan laima, musamman idan da gishiri da dunƙulen magi a ciki, kuma da damina abin ya fi tsanani. Ƙuli kuma yana da sauran mai a jikinsa, idan iska da zafi suka daɗe suna shiga sai ya fara warin tsohon mai. Hasken rana yana kashe jan barkono ya koma fari-fari. Ki ɗauki robarki ɗaya, ki rufe, ki matsa cikinta kusa da kunnenki. Idan kin ji iska tana fita ta gefen murfi, to laima ma ta nan take shiga. Ki nemi robar da murfinta ke da zare mai kamawa sosai, kuma a sa mata farar takardar nan mai liƙewa a baki, wadda sai an ɓare kafin a kai ga kayan. Tana tsare laima, tana kuma gaya wa mai saye cewa babu wanda ya sa yatsa a ciki tun daga gidanki. Kada ki zuba yaji da ɗuminsa bayan suya, ki bari ya huce sarai, in ba haka ba gumin da zai yi a cikin roba shi zai dunƙule shi. Tsofaffin kwalaben bama da robobin ruwa da aka wanke, ki bar su don amfanin gida. Ko kin wanke su fes, mai saye ba ya ganin wankin, tsohon mazubin yake gani.

Ki kuma kalli yadda ake cin yajin. Mace tana tsaye a madafa, hannunta ɗaya da ludayi, ɗayan da maiƙo. Za ta iya buɗe murfin nan? Cokali zai shiga bakin robar, ko sai ta karkata ta tana bugawa har rabi ya zube a tukunya? Murfi mai ƙananan huji na barbaɗawa yana da kyau ga yajin barkono da ya bushe ƙarau, amma na ƙuli toshe hujin yake yi, gara baki mai faɗi. Irin wannan lura ce ta sa wayoyin Tecno da Itel na kamfanin Transsion na China suka mamaye kasuwarmu: sun ga mutane suna yawo da waya biyu saboda layuka, ga rashin wuta, sai suka kawo mai layi biyu da batir mai daɗewa. Kafin su, ƙaramar Nokia ta shiga ran mutane da tocilar da ke kanta. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya zo daga suna. Daga kallon yadda mutum yake rayuwa da kayan ya zo.

Yanzu maganar suna. Ki tuna wa yake zuwa shago a unguwanninmu. Sau da yawa ba uwar gida ba ce, yaro ne ɗan shekara bakwai ko takwas da kuɗi a dunƙule a hannu, yana tafe yana maimaita saƙon don kada ya manta. Sunan kayanki sai ya bi ta bakin wannan yaron ya isa kunnen mai shago lafiya. Idan kika sa dogon sunan Turanci mai kalma uku, a hanya zai zube, yaron ya isa ya ce "a ba ni yaji", a ba shi na wani. Ki gwada da kanki: ki faɗa wa yaron maƙwabta sunan sau ɗaya, ki bar shi ya yi wasa na ɗan lokaci, ki kira shi ki tambaye shi. Abin da ya dawo da shi, shi ne ainihin sunan kayanki.

Kuma mutanenmu da hoto suke kiran kaya, ko sun iya karatu ko ba su iya ba. Magi mai tauraro, siminti mai giwa, batir mai kan damisa. Ajinomoto, kamfanin Japan da ya haura shekara ɗari, a bakinmu farin magi ne kawai. Idan ba ki ba mutane abin da za su kira kayanki da shi ba, su za su raɗa masa, ko kuma su ƙi kiransa gaba ɗaya. Saboda haka ki zaɓi hoto guda ɗaya mai sauƙin faɗa, turmi ne, zakara ne, rakumi ne, fitila ce, ki sa shi babba a tsakiya, da launi ɗaya da zai zama naki. Ranar da kika ji an ce "ba ni mai turmi", kin samu abin da kamfanoni ke kashe miliyoyi suna nema.

Ni a ganina sunan Turanci a kan yaji ragi ne, ba ƙari ba. Wanda ke neman yaji yana neman hannun gida ne. Ko a Legas ko Abuja, mai sayen kilishi da yaji so yake ya ji alamar daga Arewa suka fito, sunan Hausa shi ne shaidarsa. Abin da za ki iya yi shi ne ki bar sunan da Hausa, a ƙasa ki rubuta bayanin abin da ke ciki da Hausa da Turanci. Idan kina sa ran kayan su tsallaka Maraɗi ko Damagaram, ki ƙara da Faransanci.

Game da sitikar kanta, kuskuren da na fi gani shi ne cunkoso. An sa hoton kaza, an sa na shinkafa, an sa barkono da tafarnuwa, launi biyar, rubutu iri huɗu, lambar waya uku, har da addu'a. Mai zanen ya nuna a fuskar kwamfuta, an ga ya yi kyau. Amma mai saye yana tsaye ne a waje, tsakaninsa da kayan akwai kanta da taku biyu ko uku, cikin shagon kuma ba haske sosai. Daga nan duk wannan ado dishi-dishi yake zama. Kafin ki biya kuɗin bugu, ki sa a fitar miki da guda ɗaya, ki liƙa a roba, ki roƙi mai shago ya ajiye ta a cikin kayansa, ki koma bakin titi ki duba da yamma. In ba ki gane ta nan take ba, a rage kaya a kanta. Kamfanin Coca-Cola da ya nemi a ƙera masa kwalba a 1915, sharaɗin da ya bayar shi ne a yi wadda mutum zai gane ta ko a duhu ya shafa, ko ya gan ta a fashe a ƙasa. Ganewa suka nema, ba ado ba.

Kada kuma sitikar ta naɗe robar duka. Yaji da ido ake fara sayensa, mutum yana so ya ga jansa da laushinsa. Ki bar fili a gani. Sannan ki nemi takarda mai rufin leda a sama, domin ta zalla da zarar maiƙo ya taɓa ta sai ta yi tabo, tawadar ta zube, kayan sabo ya koma kamar ya shekara. Ƙyalli kuwa, a ƙarƙashin ƙwan lantarki haske yake mayarwa ya hana karatu.

Idan kin tsayar da hoto da launi, ki riƙe su. Wannan shi ne wurin da masu ƙananan sana'a suka fi yi wa kansu illa: wannan watan murfi ja, wata mai zuwa shuɗi saboda shi aka samu a kasuwa, sitika ta ƙare an je wurin wani mai bugu ya canza zane. Kowane canji yana mayar da ke baƙuwa. A farkon 2009 kamfanin lemon Tropicana a Amurka ya cire hoton da aka san shi da shi, lemo da tsinken zuƙa a soke, ya sa sabon zane na zamani. Lemon bai canza ba ko kaɗan, amma cikin kusan wata biyu cinikinsa ya faɗi da kimanin kashi 20 cikin 100, dole suka koma tsohon kwalin. Mutane sun zo nema ba su gane shi ba. Idan haka ta faru da mai kuɗin talla a talabijin, ina ga ke da ba ki da mai yi miki bayani sai robar kanta.

Ɗanɗano ma haka yake, har ya fi. Ki sayi ƙaramin sikeli, ki rubuta awon komai a littafi, ki daina "ɗan wannan, ɗan wancan". Barkono yana bambanta daga kaka zuwa bazara, daga wannan buhu zuwa wancan, don haka kowane daka ki ɗanɗana shi kusa da ragowar na baya. Wadda ta saya ta ji daɗi, ta dawo ta tarar gishiri ya yi yawa, ba za ta zo ta gaya miki ba, za ta daina saye ne kawai. Idan kaya sun yi tsada, gara ki ƙara kuɗi a fili ko ki fito da ƙaramin ƙulli, da ki cika yajin da garin masara kina zaton ba za a gane ba. Ana ganewa. Kuma ki kula da gyaɗar da aka yi ƙulin da ita da bushewar barkonon, domin waɗanda suka yi fumfuna suna ɗauke da guba mai illa ga hanta, wadda suya ba ta kashe ta.

Manyan kantuna, inda mutum ke ɗaukar kaya da hannunsa, wani mataki ne daban, kuma can ne sitika ke da nauyi sosai. Yawancinsu ba za su karɓa ba sai da lambar NAFDAC, hukumar da aka kafa a 1993 don kula da abinci da magunguna. Sitikar za ta ɗauki sunan kayan, abubuwan da aka haɗa, nauyinsa, suna da adireshin mai yi, lambar rukunin daka, ranar yi da ranar daina amfani. Ki rubuta ƙarara cewa akwai gyaɗa a ciki, saboda akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta. Za su kuma nemi bakod, zanen layukan nan da ake haskawa a wurin biyan kuɗi, wanda ake samu ta hannun GS1 Nigeria, lambobin Najeriya da 615 suke farawa. Ina roƙon ki abu biyu a nan. Kada ki bari wani mai bugu ya ɗora miki lambar NAFDAC ta ƙarya ko ta kayan wani, laifi ne babba kuma ana kamawa. Kada kuma ki rubuta cewa yajin yana maganin basir ko sanyi ko ƙarin ƙarfi. Abinci kike sayarwa, da zarar kin yi iƙirarin magani kin shiga wata doka daban, kin kuma ɗauki alhakin wanda ya bar asibiti ya dogara da ke. Ki sani kuma da yawa daga irin waɗannan kantuna sai sun sayar suke biya, don haka mai ƙaramin jari tana iya kai kaya kuɗinta su kwanta makonni.

Wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, ba ita ce ke kare sunan kayanki da hotonsa ba. Wannan aikin ofishin rajistar tambarin kasuwanci ne, a ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya. Rajistar farko shekara 7 take yi, sannan a riƙa sabuntawa duk shekara 14, kuma a jerin rukunonin kayan da ake yi wa rajistar, kayan yaji suna rukuni na 30. A Nijar ta hannun OAPI ake yi, ƙungiyar da ke wannan rajistar ga wasu ƙasashen Afirka, mai hedikwata a Yawunde. Ba sai yau ba, amma da zarar an fara kiran kayanki da suna a unguwa, ki yi, domin a lokacin ne masu kwaikwayo ke farkawa. Ke ma kada ki ɗauki launi da zanen wani sananne don a ɗauka shi ne. Wanda ya saya bisa kuskure haushinki zai ji.

Da kuɗin da ke hannunki yanzu, ni da zan ba ki shawara, sikeli da injin liƙe leda da robobi masu murfin kirki za ki fara saya. Sitika ki buga kaɗan, launi ɗaya ko biyu, ki bar gurbin kwanan wata a buɗe ki riƙa bugawa da hatimi, don kada ki tara dubbai da kwanan watan da zai wuce. Ki sa lambar waya ɗaya mai WhatsApp, babba, wadda ake ɗauka. Ki zaɓi shaguna kaɗan a unguwa ɗaya maimakon ki watsa ko'ina, ki fi mayar da hankali ga na kusa da masu awara da masu shayi da makarantu. Ki ba kowane mai shago ƙulli ɗaya ya kai gidansa, domin wanda ya ci da bakinsa ya fi iya tallarsa. Ki yi masa alkawarin duk wanda ya dunƙule za ki karɓa ki musanya, kuma ki cika.

Bayan mako biyu ki zagaya. Kada ki tsaya a tambayar nawa aka sayar. Ki tambaye shi ko akwai wanda ya saya ya dawo, da kuma me ya ce lokacin da ya zo nema: sunan ya kira, ko hoton, ko launin murfin? Ki rubuta amsar kowane shago, da ita za ki je wurin mai zane idan lokacin buga sitika mai yawa ya yi.